Da Ma Wane Ya Yi Waƙar Wane

  Yau zancen waƙa na zo maka da shi. Kada ka ce zancen banza ne ka juya takarda. Ka yi haƙuri ka bi ni har ƙarshe, domin akwai wani abu da ya tsaya mini a rai shekara arba'in ke nan, ina so in sauke shi gabanka.

Bari in fara da tambaya. Ba ka taɓa zama kana sauraron wata waƙa mai daɗi ba, sai ka ji zuciyarka ta ce, kai, da ma wane ne ya yi wagga waƙa? Mai ita ya iya, ba ka musu. Sai dai akwai wata murya da kake so fiye da kowace, kana marmarin ka ji yadda waƙar za ta zauna a bakin gwaninka. Na san ka taɓa. Ni ma cikin irin wanga zance na tashi, kuma ta nan zan faro maka labarin.

MAJALISAR ƘOFAR GIDANMU

Ni mutumin Tsibiri ne, Tsibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi. An haife ni cikin 1962. Sa'ad da nake yaro akwai wani babban bedi a ƙofar gidanmu. In an sallaci isha'i sai babana, Allah shi jiƙan shi, ya fito da tabarma da buta da radiyonsa mai pil huɗu, wanda anka ɗinka wa riga ta atamfa saboda ƙura. Ba a jimawa sai abokansa su taru. Akwai mahauci, akwai tela, akwai direban babbar mota mai jigilar gyaɗa, akwai kuma wani tsohon soja da ya yi aiki zamanin Nasara. Mu yara muna gefe cikin rairayi, ba mu da bakin magana, sai kunne.

Wani dare a kamo Kaduna, wani dare a kamo Yamai, tashar da anka raɗa wa suna Muryar Sahel cikin 1974. Muddin ana labarai kowa shiru. Da an sako waƙa kuwa, to gardama ta tashi. Gardamar guda ce kullum: da ma wane ya yi waƙar wane.

Babana Bagobiri ne na ainihi, ga zane nan a kumatu har kunne. Gwaninsa Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Ka san Gobir gida guda ce da ta rabu. Bayan faɗuwar Alƙalawa cikin 1808 Gobirawa sun watse. Waɗansu sunka zo sunka kafa Tsibiri wajen 1836, waɗansu kuwa zuriyarsu na can wajen Isa da Sabon Birni, cikin Nijeriya ta yau. Saboda haka in Narambaɗa ya ambaci Gobir, babana ji yake da shi ake. To amma Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Abin da ya rage sai wanda gidajen radiyo sunka ɗauka, shi ma sautin ya tsufa, yana ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

Sai babana ya ce: "Ni dai da Musa Ɗanƙwairo zai ji shawarata, da ya ɗauki waƙar Dokin Iska ya yi mana ita sabuwa. Kotso ne nan, kotso ne can. Ƴan amshinsa kuwa ba su da na biyu. Mu ji dokin nan Ɗanfilinge ya sake sukuwa."

Sai mahauci ya ce: "Haba Malam, ku dai ba ku san kowa ba sai sarakuna. Ai kalangu shi ne kiɗi." Shi so yake Mamman Shata ya yi waƙar Shago, ɗan damben nan da Ɗan Anace ya ɗaukaka. Ya ce Ɗan Anace ya gama da ita, amma shi yana so ya ji ta a bakin Shata ko sau ɗaya kafin a kai shi kushewa.

Direba shi ma Shata yake nema, amma da wata waƙa dabam, wato Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos. Shi kansa da karen mota ya fara, ya sha ɗaukar waigi, ya sha kwana ƙarƙashin mota. Ya ce Ɗan Maraya ya faɗi wahalarsu daidai, sai dai kuntigi ba shi da amo. Da kalangai shida sun ɗauke ta, da masu motoci sun ji kunya.

Tsohon soja kuwa kullum baya yake ba jama'a. Ya ce shi a karɓe wa Shata makaɗa da ƴan amshi duka, a ba Ɗan Maraya Bakandamiyar Shata ya yi ta shi kaɗai da kuntiginsa, a gani ko kirarin zai tsaya da ƙafarsa.

Tela ne mai ba mu dariya. Ya ce shi ba abin da ya so irin a ce Narambaɗa ya kai 1969, shekarar da mutanen Amurka sunka sauka bisa wata, ya karɓi waƙar kumbo Afolo daga hannun Shata. Ya ce mutumin da ya yi wa doki irin wancan yabo, me kake tsammani zai ce da abin hawan da ya je wata ya komo?

Haka za su yi ta yi har pil ya yi sanyi, a watse ba wanda ya kada wani. Gobe kuma a koma.

ABIN DA TSOHON ƊAN AMSHI YA CE

Wata ranar Laraba, ranar kasuwar Tsibiri, wani tsoho ya kwana gidanmu. Ya yi shekaru yana amshi bayan wani makaɗin fada, har muryarsa ta dushe ya koma gona. Ya zauna ya saurari gardamar tasu har ta yi nisa. Sa'an nan ya tofar da goro ya ce:

"Ƴaƴana, abin da kuke so ba ya yiwuwa, kuma zan gaya muku dalili uku. Na fari, waƙar yabo riga ce da anka ɗinka wa mutum guda. An auna wuyansa, an auna hannunsa. An sa sunan ubansa da na kakansa, an yi wa magabtansa zambo da habaici. An kuma biya ta, da doki, da riga, da damman hatsi. Kai tela, in ka ɗinka wa mutum riga ka karɓi kuɗinka, kana komawa ka tuɓe masa ita ka kai kasuwa?"

Tela ya ce: "A'a, Baba."

Ya ce: "Na biyu, kowane kiɗi da mutanensa. Tambari da kotso da taushi na sarauta ne. Kalangu na mahauta ne da ƴan dambe da ƴanmatan dandali, kafin Shata ya kai shi ko'ina. Gangar noma ta manoma ce. In ka ɗora waƙar kotso bisa kalangu, ka ɗaura wa raƙumi sirdin doki ke nan. Na uku shi ne babba. Mai maimaita abin da wani ya faɗa, sunansa ɗan amshi. Ni na yi amshi shekara talatin, na san matsayina. Makaɗin da ya isa ba ya yarda a ce masa ɗan amshin wani. Ba ku ga Narambaɗa na da Bakandamiya, Shata ma na da Bakandamiya ba? Suna guda, amma kowa tasa ya yi, kowa kansa ya wasa. Ɗa ko ƙane shi ke da iznin ɗaukar waƙar gidansu, don shi gado ya ci."

Wuri ya yi tsit. Can sai babana ya nisa ya ce: "Duk mun ji, Baba, kuma gaskiya ka faɗa. Amma ni dai da ma ya yi." Sai kowa ya fashe da dariya, har tsohon.

BA KOWACE WAƘA KE DA MAI ITA BA

Da na girma na yi ta juya maganar tsohon nan. Gaskiya ce, amma ba ta game kowace waƙa ba. Dubi Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Makafi nawa ka ji suna rera ta a tashar mota da ƙofar masallaci, daga Kano har Damagaram? Kowa da irin muryarsa, ba wanda ya ce sun yi sata. Dubi Ishiriniya da ake yi daren Mauludi. Dubi waƙoƙin gaɗa na ƴanmata, da na kai amarya. Ba a san wanda ya fara su ba, uwa ta ba ɗiya, ɗiya ta ba jika. Dubi kiɗin bori, wanda masu goge da garaya sunka gada kaka da kakanni, har Sa'adu Bori na nan ƙasarmu ya haɗa shi da jita cikin shekarun 1990, samari sunka yi ta rawa.

A waɗansu ƙasashe ma abin ya fi haka. A Mali, waƙar Sunjata ta haura shekara 700 ana yin ta, kuma maroƙin da bai iya ta ba bai cika maroƙi ba. Can ɗaukar waƙar magabata shi ne abin alfahari. A Amurka wata mawaƙiya, Dolly Parton, ta fid da wata waƙar bankwana cikin 1974. Cikin 1992 wata mai suna Whitney Houston ta sake yin ta, duniya duka ta ɗauka. Mai waƙar ta fari ba ta yi fushi ba, don bisa dokarsu duk wanda ya rera waƙarka ya sayar, kana da kaso cikin kuɗin.

Abin da na gane shi ne wanga: waƙar da ke da baki da yawa ba ta mutuwa da wuri. Wadda ke da baki guda kuwa, ranar da bakin ya rufe, ta tafi, sai fa in wani ya tare ta. Na gane haka, amma sai da na yi ɓarna tukuna. Ga yadda anka yi.

WAƘAR RUWA

Ka sani, ko ka ji daga tsofaffi, cikin 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya. Maraɗi da Tsibiri duka a fadama suke a lokacin. Ruwa ya ci gidaje da rumbuna, har ya zama dole anka tashi anka koma bisa tudu, inda garuruwan suke yau. Kakata, uwar babana, tana amarya mai goyo a shekarar. Da idonta ta gani.

Bayan an zauna a sabon wuri sai ta ƙaga waƙa a kan abin, tana yi bisa dutsen niƙa, kishiyarta na yi mata amshi. A gidanmu waƙar ruwa ake ce mata. Doguwa ce, tana kai mace ta niƙe tiya guda ba ta ƙare ba. A ciki ta jera unguwannin tsohon gari ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke zaune kusa da wane. Ta ambaci rijiyar da ta fi daɗin ruwa, da tsamiyar da ƴanmata ke gaɗa ƙarƙashinta. Ta faɗi macen da ta sa jinjirinta cikin masaki ta aza a ka ta ratsa ruwa. Ta faɗi tsohon da ya hau rumbunsa ya ce ba shi sauka. Ta kuma yi wa kakana habaici, wai ya tsere da sirdi ya mance da matansa biyu. In ta zo wurin nan mata sai su yi ta shewa. Kai, garin da ruwa ya tafi da shi, yana nan zaune cikin waƙar.

Wani dare, wajen ƙarshen shekarun 1970, ana tsakar gardama a ƙofar gida, sai munka ji muryar uwata daga bayan darni. Ba ta saba sa baki cikin zancen maza ba. Ta ce: "Ku dai kuna ta rabon waƙoƙin da ke da masu su. Ni da Barmani Coge za ta ɗauki waƙar Inna ta ruwa, ta yi ta da ƙwarya, da na gode Allah."

Maza sunka yi dariya. Mahauci ya ce: "Waƙar niƙa a radiyo?" Ni ma na yi dariya, don na ga manya na yi. Amma ka duba da kyau, duk cikinsu ita ce ta yi magana mai hankali. Barmani mutuniyar Funtuwa ce, kiɗin amada take yi, na mata, zancen mata take faɗa, ta ce su tashi su kama sana'a. Cikin ƙoren amada har akwai wadda ake kifawa bisa ruwa a kaɗa. Waƙar ruwa da kiɗin ruwa, ina abin da ya fi wanga dacewa? Ba sarkin da ya saye ta da doki, ba makaɗin da za a ce ya zama ɗan amshin wani. Kuma waƙoƙin da maza ke gardama a kansu duk an riga an ɗauke su a faifai, ta Inna ce kaɗai ba ta da wurin zama sai bakin tsohuwa.

KASET GUDA

Farkon 1984 ina yaron shago wurin wani mai sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi. Na tara ƴan kuɗina na sayi radiyo mai kaset, na hannu. Ranar wata Juma'a da anka tashi kasuwa na hau mota na zo Tsibiri da shi, da kaset sabo guda, mai rabin awa kowane gefe. Maganar uwata ce ta faɗo mini a rai.

Na tarad da kakata a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Ta dubi abin ta ce: "Maigidana, wanga akwati me yake ci?"

Na ce: "Murya yake ci, Kaka. Taki na kawo shi ya ci."

Ta ce ita ta bar waƙa tun da injin niƙa ya shigo gari. Ta gwada daga zaune, abin ya ƙi. Ta ce waƙar ba ta fitowa sai hannu na tafiya. Sai anka jawo tsohon dutsen daga bayan rumbu, anka wanke, anka zuba mata hatsi. Ta durƙusa. Da ɗan dutsen ya fara kai da komo sai waƙar ta zo da kanta. Kishiyarta ta riga ta rasu, uwata ce ta karɓi amshi. Ta yi ta tun daga fari har ƙarshe, gefe guda ya kusa cika.

Da na mayar na kunna mata, sai ta rufe baki da gefen zane. Ta ce: "Wace tsohuwa ce wagga take kwaikwayona?" Gidan duka anka yi ta dariya, maƙwabta sunka shigo, anka sake kunnawa har sau uku.

Ka san kaset na da ɗan haƙori a baya, wanda in ka karya shi ba a iya sake ɗaukar wani abu a kai. Ban karya ba. Ko suna ban rubuta a jikinsa ba.

Cikin watan Afrilu na shekarar Nijeriya ta rufe iyakarta. Damina kuma ta zo ta ƙi. Ita ce yunwar da mutanenmu sunka sa wa suna El Buhari. Kayan da ke shigo mana daga Kano ta Jibiya sunka yi wuya, har da kaset. Kowa tunaninsa tiyar hatsi. Wani dare ina kwance a ɗakin da muke haya a Maraɗi, sai na ji Kaduna sun ce ga Shata nan tafe. Na tashi ina lalube, ba ni da kaset ko guda wanda ba kome a kai.

Ɗan'uwa, ba zan yi maka ƙarya in ce kuskure ne ba. Na san kaset ɗin da na ɗauka. Ga lissafin da na yi cikin zuciyata: Kaka tana nan, ko yaushe na je Tsibiri sai ta sake yi mini. Shata kuwa in ya wuce a radiyo ya wuce. Sai na danna.

Ka ga lissafin wawa. Yau ba kasuwar da za ka shiga ka rasa wanda zai zuba maka waƙoƙin Shata cikin salula, ɗari bisa ɗari. Waƙar da na ɗauka daren nan, ko jiya na ji ta wurin mai shayi. Abin da na ɗauka mai wucewa ne, shi ne ya zauna. Abin da na ɗauka yana nan kullum, shi ne ya wuce.

Ban koma na sake ɗauka ba. Yau ne, gobe ne, har yunwa ta matsa, cikin 1985 na sayar da radiyon na sayi hatsi na kai gida. An buɗe iyaka cikin 1986, amma kafin in sake tara kuɗin wani, ciwon ƙafa ya kwantar da Kaka, ba ta iya durƙuso. Ta rasu cikin 1987, gab da kaka. Allah shi gafarta mata.

Ranar sadakar arba'in, da baƙi sunka ragu, uwata ta aro radiyo wurin maƙwabta. Ta ce: "Kai, ɗauko mana kaset ɗin Inna mu ji muryarta." Mata sunka gyara zama. Na rasa ƙasar da za ta tsage in shige. Na kawo shi na sa, don ban iya faɗa da baki ba. Sai ga kalangu ya cika gidan makoki.

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini sauƙi. Uwata ta daɗe tana duban ƙasa. Sa'an nan ta ce: "Shekara da shekaru kuna cewa da ma Shata ya ɗauki waƙar wani. To, ga shi ya ɗauke ta Inna."

Ba mu kashe ba, munka bar shi yana tafiya. Ashe shirin na Kaduna ya ƙare kafin zaren ya ƙare. Can wajen ƙarshe sai kalangu ya yanke, sai ga ƙarar dutse, ga muryarta cikin ɗan waƙa na ƙarshe, ga amshin uwata. Sa'an nan ta yi tari, ta yi dariya, ta ce: "Kashe abin nan, maigida, hannuna ya gaji." Abin da ya rage mana ke nan. Bai cika minti biyu ba.

ABIN DA NA TSINTO A JIRATAWA

Shata ba shi da laifi, bai ma san an yi ba. Barmani ba ta taɓa jin labarin kakata ba, balle ta ɗauki waƙarta. Mu ne muke zaune muna jiran wani gwani daga nesa ya zo ya ɗaukar mana abin da ke cikin gidanmu. Uwata ta yi amshi shekaru, amma amshin kaɗai ta riƙe. Ni na ji waƙar sau ɗari, ban taɓa cewa bari in koya ba, don ina ganin waƙar mata ce.

Bayan shekara biyu na tuna da gwaggona, ɗiyar kishiyar Kaka, wadda ke aure a Jiratawa, kudu da Maraɗi. Na tafi na same ta a gonakin rani na bakin fanfo tana tsinkar tattasai. Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta ce: "Ɗana, ka makara, amma zauna." Ta rufe ido tana kaɗa hannu kamar mai niƙa. Ɗiya huɗu ta iya kawowa: na rijiya, na macen masaki, na tsohon rumbu, da na sirdin kakana. Jerin unguwannin nan, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar, ya tafi. Wannan karon na rubuta a takarda, na kuma maimaita a bakina har ya zauna.

Daga baya na ji labarin Malam Maman Barka, mai gurmi, wanda malamin lakwal ne tun fari. Cikin 2002, sa'ad da sunansa ya riga ya kai ko'ina a Nijar, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar. Shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, abin kiɗin masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, mai kama da jirgin ruwa. Maman Barka ya zauna gabansa kamar almajiri, ya koyi kiɗin da waƙoƙinsa. Tsohon ya rasu, amma waƙoƙin sun fita a faifai cikin 2009, an ji su har Ingila. Shi ma Maman Barka ya rasu cikin 2018. Ka ga gwanin da bai ji kunyar zama ɗan amshin wani ba. Da na ji labarinsa na ce, ashe abin da uwata ta roƙa daga bayan darni ba wauta ba ne, ana yi.

Mutanen majalisar babana duk sun kwanta dama, bedin ma an sare shi. Gwanayensu sun bi su: Ɗanƙwairo cikin 1991, Shata cikin 1999, Barmani cikin 2013, Ɗan Maraya cikin 2015. Allah shi jiƙan su baki ɗaya. Ba wanda burinsa ya cika cikin masu gardamar nan, kuma ba su yi hasarar kome ba, don Dokin Iska na nan, Shago na nan, Karen Mota na nan, kowace a bakin mai ita. Burin uwata kaɗai ne rashin cikarsa ya zama hasara.

To, ɗan'uwa, ban hana ka cewa da ma wane ya yi waƙar wane ba. Zance ne mai daɗi, ni ma har gobe ina yi. Amma in ka gama, ka shiga cikin gida ka duba. Wataƙila akwai tsohuwa mai waƙar daka, ko tsoho mai kirarin noma ko na farauta, wanda ba wani mai shi sai shi. Ga salula a aljihunka, ka ɗauka yau. Kada ka dogara da ita kaɗai, don tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma ranar da ta cika kai ma za ka yi irin lissafina. Ka tura wa ƴan'uwa biyu ko uku. Ka rubuta a takarda. Abin da ya fi duka, ka koya da bakinka, ka koya wa yaro.

Ni ɗiya huɗun nan na koya wa jikata. Ba ta taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ba, saboda haka ba ta san inda ake jan numfashi ba. Ta sa musu wata murya irin ta waƙoƙin fim, tana yi tana wanke-wanke. Ranar da na fara ji na buɗe baki zan ce mata ba haka Kaka ke yi ba. Sai na tuna ni ne na sa ba mai iya nuna mata yadda Kaka ke yi. Na yi shiru na bar ta. Da ta zo wurin sirdin kakana, ƙawayenta sunka yi shewa daidai inda matan da ke yi.

Allah shi ba mu ikon riƙe abin da anka bar mana.